Ranar da Na Yaye Ummi Daga Kujerarta

Assalamu alaikum. Waɗanda suka san ni a Gusau sun san in na ce na ga kura, to a bincika, wataƙila kyanwar maƙwabta ce. Ni ne na taɓa rantsewa a ofis cewa sauron Bungudu sai ya ɗaga gidan sauro ya leƙa ya tabbatar ni ne kafin ya cije ni. Saboda haka na san wasu za su fara karanta wannan suna jiran inda za su yi dariya. Ku karanta kawai. Inda na ƙara gishiri za ku gane, inda ban ƙara ba ma za ku gane.

Sunana Lawali, ma'aikacin gwamnati ne ni, asalinmu Bungudu. Matata Rakiya 'yar Tsafe ce, tana koyarwa a firamare. 'Yarmu ta fari sunan mahaifiyata ta ci, don haka muke ce mata Ummi. Shekararta huɗu da wata biyar lokacin da abin ya faru.

Tun Ummi na jaririya Rakiya ta sayo mata kujerar nan ta yara da ake ɗaurewa a bayan mota, irin wadda jariri ke kallon baya a cikinta, in ya yi wayo a juyo da ita gaba. Igiyoyinta sun fi na rijiyar gidanmu yawa. Na yi mata tsiya har na gaji. Ina ce mata kujerar matuƙin jirgin sama, abokaina suna ce wa Ummi 'yar Turawa. Rakiya ba ta kula mu ba, kuma shekara huɗu yarinyar nan ba ta taɓa shiga motata ba sai a cikin kujerarta.

Sai aka haifi ƙaninta Sadik. A gidajenmu ai kun san yadda ake yi, duk abin da yake na babba ƙarami ne ke gadonsa tun babban yana kallo: baho, shawul, katifa, har bayan uwa. Ni kuwa na ce kujera ma ta bi layi.

Rakiya ta ce, "Baban Ummi, ita ma fa kujerar ba ta yi mata kaɗan ba tukuna. In Sadik zai karɓa, a sayo mata wata. Akwai ta manyan yara. Ka sa a kawo daga Kano kafin mu fara yawon arba'in."

Na ce, "Mota ce da ni ko ajin 'yan nasare? In kika haifi goma sai in sayi tirela in jera kujeru?"

Ta ce, "Bel ɗin manya ba zai zauna mata ba."

Na ce, "Zai zauna. Ni zan zaunar da shi."

Har biki na yi wa abin. Na sayo biskit da alewa, na tsugunna gaban yarinyar na ce, "Daga yau ke ce Yaya Ummi. An yaye ki daga kujerar jarirai. Bel ɗin manya za ki ɗaura irin na Baba." Ta yi ta tsalle. Ta je ta gaya wa Inna, mahaifiyata, wadda ta zo daga Bungudu tun haihuwa tana taya mu jego. Ta gaya wa mai kawo mana ruwa. Ina jin har akuyar maƙwabta ta gaya wa.

Ranar Asabar da safe muka shirya kai Sadik gidan kakanninsa a Tsafe. Inna a gaba, Sadik a kujera a baya, Rakiya a tsakiya, Ummi a bayana. Na ɗaura mata bel. Na kafaɗar ya bi ta kan wuyanta, ta ce, "Baba, yana shaƙe ni." Na zare shi na mayar mata da shi ta bayanta, na bar na ƙugun kawai. Na kaɗe hannu na ce, "Injiniya ya gama aiki." Da hannuna na yi, ina dariya.

Hanyar Tsafe ba hanyar da ake tafiyar hawainiya ba ce yanzu. Kowa so yake ya je ya dawo kafin la'asar. Mun kusa shiga gari wata a-kori-kura mai buhunan masara ta taka birki a gabana saboda rami. Na taka nawa, bai isa ba, na daki bayanta.

Ba wani babban haɗari ba ne. Bamba ce ta lotse da fitila ɗaya. Sadik ya buɗe ido ɗaya, ya ga ba nono ba ne, ya koma barcinsa. Ummi ce ta yi kuka tana riƙe da ciki. Rakiya ta ɗaga rigarta muka ga jan layi ya ratsa cikin ta saitin cibiya. Mutane suka taru ana ta cewa Allah ya tsare, abin ya tsaya a kan ƙarfe. Ni ma na faɗa, har na ƙara da cewa masara ce ta yi kewar motata.

A gidan surukaina Ummi ta ƙi shinkafa, ta ƙi nama. Rakiya ta ce mu biya asibiti. Inna ta ce, "Hwargaba ce, ba komi. A yi mata tofi." Ni kuma na ce yarinyar da ke tafiya da ƙafarta me za a gaya wa likita? Muka sayi maganin ciwon jiki a kemis muka dawo Gusau.

Lahadi layin ya koma baƙi-baƙi kamar an zana da shuni. Inna ta ce jini ne ya kwanta. Ta dafa ruwa ta gasa mata wurin da tawul, ta shafa man shanu. Ummi na ihu ana ce mata haƙuri, Yaya ba ta kuka.

Litinin ta tashi da zazzaɓi da amai. Muka kai ta wani ƙaramin asibiti na kusa da mu. Layin da na tarar, ina jin wanda ke gabana tun yana saurayi ya zo. Da muka shiga aka ce me ke damunta, na ce zazzaɓi da amai. Rakiya ta ce, "Mun yi haɗari shekaranjiya." Na tari numfashinta na ce, "Wane haɗari, 'yar gogayya ce." Aka ɗibi jini, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka yi mata allura. Ba wanda ya ɗaga rigarta. Ina jin haushinsu har yau, amma in zan yi gaskiya ni na rufe musu ƙofar da za su shiga.

Talata ina ofis ina ba mutane labarin yadda na ture a-kori-kura har garin Kucheri, Rakiya ta kira. Ba ta yi sallama ba. Ta ce, "Amanta ya koma kore, cikinta ya yi tauri. Muna cikin napep, babban asibiti za mu. In ka ga dama ka same mu."

Na same su a wurin karɓar gaggawa. Ummi na kwance ta naɗe ƙafafu, leɓenta ya bushe, idanunta sun faɗa. Likitan wani dogo ne marar yawan magana. Ya ɗaga rigar, ya daɗe yana kallon layin nan. Ya taɓa cikin da yatsa biyu, ta zabura.

Ya ce, "Wa ya ɗaura mata bel?"

Na ce, "Ni ne, likita."

"Na kafaɗar fa?"

"Yana shaƙe ta, sai na mayar mata baya."

"Yau kwana nawa?"

"Na huɗu."

Ya tura mu hoto. Da aka kawo sakamako ya kira ni gefe ya ce, "Malam, hanjinta ya huje. Abin da ke cikin hanjin yana zuba a cikin cikinta. Yanzu za mu shiga da ita tiyata. Ba zan yi maka alkawari ba." Aka miƙo min takarda in sa hannu. Ni da nake sa hannu a fayil ɗari kafin azahar, sai da na rubuta sunana sau biyu kafin ya karantu.

Aka ce a nemo jini. Ƙannena biyu suka taso daga Bungudu, wani ɗan gwaggona ya baro gonarsa a Furfuri da laka a ƙafa ya zo ya miƙa hannu. Allah ya saka musu. An shiga da ita bayan azahar, ba a fito ba sai gab da magariba. Likitan ya ce sun yanke wani yanki na hanjin da ya lalace sun haɗe sauran, sun wanke cikin. Na ce yankin kamar yaya? Ya kama hannuna ya nuna daga wuyan hannu zuwa ƙarshen yatsa.

Washegari ya zaunar da ni a benci ya yi min zane a bayan wata takardar magani. Ya ce bel ɗin mota an yi shi ne don jikin babba. Na ƙasan ya kwanta a kan ƙashin ƙugu da saman cinya, na saman ya bi ta tsakiyar kafaɗa. Yaro ƙafarsa gajera ce, sai ya zame gaba don gwiwarsa ta lanƙwasa a bakin kujera, bel ɗin kuma ya hau kan tumbi. Da na cire na kafaɗa, da aka taka birki sai ta ninke a kansa kamar tabarma. Ya ce, "Ka ɗaure ta a inda babu ƙashi." Duk bayanin da ya yi, wannan ce ta zauna min. Ina alwala ina jin ta, ina cin tuwo ina jin ta.

Makon farko makon ƙishirwa ne. Roba a hanci, roba a hannu, roba a gefen ciki, yarinya ta koma kamar injin ban ruwa. An hana ta ci, an hana ta sha. Ba ta nemi alewa ba, ba ta nemi komai ba, ruwa kawai. "Baba, ɗan kaɗan. Baba, ba zan gaya wa likita ba." Sai dai a jiƙa auduga a goga mata a leɓe, ita kuma ta kama audugar da haƙori tana tsotsa. Na daina shan ruwa a ɗakin. Sai in fita bayan gini in sha kamar ɓarawo.

Rana ta uku na ce bari in yi abin da na iya. Na fara kwaikwayon tafiyar wani mai shara da take kallo. Ta fara dariya, dariyar ta ja ɗinkin, ta koma kuka. Nas ɗin da ke wurin, wata dattijuwa mai kirki da ke yi wa yara waƙa in za ta yi musu allura, ta ce, "Malam, don Allah in ba za ka iya zama shiru ba ka fita. Dariya ciwo ce gare ta yanzu." Na fita. Shekara arba'in da bakwai abu ɗaya na iya yi wa mutane, shi ma aka ce yana yi wa 'yata ciwo.

Sadik kuwa ba a barin jariri a ɗakin. Inna ce ke riƙe da shi a gindin dogon yaro a harabar asibiti, Rakiya tana safa da marwa tsakanin mai neman nono da mai neman ruwa. Wata rana nas ta kama Inna ta shigo da rubutu a kwalba tana shirin ɗura wa Ummi cokali ɗaya. Aka yi ta fama. Inna na cewa, "Ayar Allah ce, mi za ta yi mata?" Nas ta ce, "Inna, a shafa mata a goshi, ayar ta san hanya." Da haka aka rabu.

Rana ta shida Ummi ta yi tusa. Ku yi haƙuri da kalmar, amma ita likitoci ke jira, alamar hanji ya farka. Na taɓa murnar ƙarin girma, na taɓa murnar aure, ba su kai wannan ba. Na kira Bungudu, na kira Tsafe. Da ina da hali da na sa an buga tambari. Aka ba ta ruwa cokali uku. Ta sha ta ce, "Na gode." Wa ya koya mata gode wa ruwa, ban sani ba.

Mun ɗauka an gama. Mako na biyu zazzaɓi ya dawo, ɗinkin ya yi ruwa, mugunya ta fara fita. Aka warware wasu zaren aka bar ciwon a buɗe, kullum da safe a wanke. Ni ke riƙe ƙafafunta. Da ta ji ƙarar keken kayan wanki daga nesa sai ta fara cewa ta warke, wallahi ta warke. A makon nan na san kowane lungu na asibitin. A rubuta maka magani, ka bi layin biya, ka bi layin karɓa, ka isa taga a ce babu, je waje. Ka dawo a ce ba wannan ba ne, mai jan kwali ake so. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar wanki sai a haska da waya. Kujerar da na ƙi saya don tsada, allurar kwana biyu ta fi ta.

A makon nan ne kuma masu dubiya suka yi yawa, kowa da fatawarsa. Wani ya ce baki ne, mun fita da jariri mutane sun gani. Wani kawuna daga Nahuce ya kawo gari a ƙullin leda ya ce a barbaɗa a ciwon, kwana uku zai haɗe, shi haka ya yi wa sansa na noma. Amma wadda ta fi yawo ita ce wadda ta fi ƙona min rai. Duk wanda ya ji labarin sai ya girgiza kai ya ce, "Ka gani ko? Bel ɗin nan ne. Da a cinya aka riƙe ta da ba abin da ya same ta." Inna ta riƙe wannan magana da hannu biyu. Har wani abokina ya ce shi daga yau ya hana 'ya'yansa ɗaurawa.

Na kai wa likita maganar, ina fatan ya ce akwai ƙamshin gaskiya, ko na samu inda zan raɓe. Ya ce, "Da a cinya take, ko ta fita ta gilashi, ko wanda ke riƙe da ita ya danne ta da nauyinsa. Hannu ba ya riƙe yaro in an taka irin wannan birki. Ka dubi ƙaninta. Mota ɗaya, birki ɗaya." Ya ce yaro ya zauna a kujera mai igiyoyi har sai ya wuce nauyi ko tsayin da aka rubuta a jikinta. Daga nan a koma mai ɗaga shi don bel ya zauna daidai. Ba a barin wannan sai ya iya jingina bayansa sosai, gwiwarsa ta lanƙwasa a bakin kujera, na kafaɗa bai taɓa wuya ba. Wasu sai sun kai goma ko sun wuce. Na ce goma? Ya ce, "Ni ɗinki na iya, Malam. In kana so a yi ciniki ka je kasuwa."

Duk tsawon nan Rakiya ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Maganarmu ba ta wuce an kawo allura, an ce a sayo auduga. Ran nan da hantsi Ummi ta samu barci, muna zaune a bakin baranda, na ce, "Maman Ummi, ki faɗi abin da ke ranki."

Ta ninke wani tawul. Sannan ta ce, "Ina zaune kusa da ita. Ina kallo ka mayar da bel ɗin baya. Na buɗe baki, sai na tuna Inna na gaba, kada ta ce ina yi maka gardama a gabanta. Da muka isa Tsafe ma haka. Ranar Litinin ma da ka katse ni haka. Kunya na ji, Baban Ummi. Kwana huɗu ina jin kunya hanjin 'yata na ruɓewa."

Na ce laifina ne ni kaɗai. Ta ce, "Naka daban. Kada ka ɗauke min nawa, ba ka iya riƙon kaya ba."

Mako na uku ciwon ya fara cikowa. Kunu, sannan shayi, sannan faten dankali. Aka ce ta fara takawa. Tana tafe a duƙe tana riƙe da ƙarfen ƙarin ruwa kamar tsohuwa da sanda, hannunta ya koma kamar sillen kara. Matar gadon kusa da mu, wadda ɗanta ya ƙone da ruwan zafi, ita ke ba mu ruwan fulas ɗinta kullum, har aka sallame su ban tambayi sunanta ba. In wannan ya isa gare ta, mun gode.

Na sa aka gyara mota. Na aika Kano aka sayo kujera, direba ya kawo min tasha. Mai igiyoyi ce, in ta ƙara girma a cire igiyoyin ta zama mai ɗagawa. Na karanta takardarta kamar zan yi jarrabawa, na ɗaure ta, na girgiza har motar na rawa.

Kwana ashirin da shida aka sallame mu. Na ɗauko Ummi a kafaɗa muka fito. Da na iso mota na tarar Inna ta riga ta zauna a gaba, ta ninka zane mai laushi ta shimfiɗa a cinyarta, ta miƙo hannu biyu.

Ta ce, "Kawo min takwarata."

Na ce, "Inna, a kujerarta za ta zauna."

Ta leƙa baya ta ga igiyoyi. Ta ce, "Lawali, mi kaka nuhi? Abin da ya yanka wagga ɗiya shi za ka sake ɗaura mata, da ɗinki a ciki?"

Na ce, "Wannan ba ta bi ta kan ciki, Inna. Likita ya duba."

"Likita ya haihe ka? Ku takwas na goya. Wanne na yar?"

Ummi ta fara miƙa hannu tana cewa wajen Inna za ta. Masu napep sun zuba ido, ƙanina na tsaye yana kallon ƙasa. Tunda aka haife ni ban taɓa ce wa matar nan a'a ba. In abu ya yi tsami tsakaninmu wasa nake ja har ta yi dariya a wuce wurin. Na laluba ban samu ko ɗaya ba. Na dubi Rakiya. Ita kuwa ta zagayo ta buɗe ƙofar baya ta riƙe, ta ce, "Inna, ki yi haƙuri. A nan za ta zauna."

Na sa ta a kujera tana kuka. Na ja igiyoyin kafaɗa, na duba na ƙugu sun kwanta a kan cinya nesa da ciwon, na danna makullin har ya yi ƙara. Da na ɗago Inna ta fito daga motar. Ta ninke zanenta ta sa a jaka, ta ce wa ƙanina ya tsayar mata da napep zuwa tashar Bungudu. Na bi ta ina ba ta haƙuri, ba ta waiwayo ba. Muka taho gida kujerar gaba ba kowa, Ummi na kiran Inna har muka shiga unguwa.

Yau wata uku ke nan. Ummi ta koma makaranta, tabon ya taso daga ƙasan ƙirji ya wuce cibiya. Likita ya ce duk ranar da ta yi ciwon ciki da amai, ko bayan shekara ashirin ne, a kawo ta da gudu, don hanjin da aka taɓa buɗewa yana iya harɗewa. Wannan na saya mata da biskit da alewa.

Wanda duk ke da ɗa da mota, na gaya masa abin da na sani. Kada a gadar da kujerar babba sai an tanadar masa tasa. Kada a mayar da na kafaɗa baya. In an yi karo, komai ƙanƙantarsa, aka ga layi a cikin yaro, a wuce asibiti a ranar, a ɗaga rigar a nuna, kuma mai surutu ya yi shiru a bar uwar ta yi magana. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya saka wa masu jinya.

Inna tana nan lafiya a Bungudu. Na je sau huɗu, tana amsa gaisuwata a taƙaice tana tsintar wake. Kullum bayan la'asar takan kira wayata. In na ɗauka na yi sallama sai ta amsa, ta ce, "Ba ni Ummi."